Ba Phil Collins Ne Ya Kashe Genesis Ba

Duk wanda ya taso da rediyo a kunne a shekarun 1980 zuwa 1990 ya san muryar Phil Collins, ko da bai taɓa riƙe sunansa ba. "Another Day in Paradise" da "One More Night" sun sha juyawa a shagunan masu kaset da shirye-shiryen zaɓen waƙoƙin Turanci, har mutum ya ɗauka mai su da waƙa ya buɗe ido. Alhali makaɗin ganga ne tun asali. Shekara 5 ya yi yana zaune can bayan dandamali, sanduna a hannu, yana yi wa wata ƙungiya mai suna Genesis kiɗa, a zamanin da waƙarsu guda takan cinye minti 10, wata ma ta kai 23.

Akwai tsofaffin masoyan wannan ƙungiya a Turai da Amurka da har gobe ba su yafe masa ba. A wurinsu, Genesis ta mutu a 1975, ranar da mawaƙinta na farko, Peter Gabriel, ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Abin da ya biyo baya kuwa, wai mai ganga ne ya karɓe ragama, ya watsar da kiɗa mai zurfi, ya mayar da ƙungiyar injin buga waƙoƙin soyayya don neman kuɗi. Wannan magana ta daɗe tana yawo har ta zama kamar karatu. Ni ban yarda da ita ba, kuma ina ganin duk wanda ya bi tarihin ƙungiyar daki-daki, ya saurari faya-fayanta da kunnen adalci, zai ga an ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba, idan ma laifin ne.

A fara da inda suka fito. Charterhouse makarantar kwana ce ta 'ya'yan masu hali a yankin Surrey, kudu da Landan. A nan ne Tony Banks mai fiyano, da Peter Gabriel, da masu jita biyu, Mike Rutherford da Anthony Phillips, suka haɗu a 1967, bayan ƙananan ƙungiyoyi biyu na 'yan makaranta sun narke sun zama ɗaya. Abin lura shi ne burinsu a lokacin. Ba su yi mafarkin hawa dandamali suna nuna gwaninta ba. So suke su zama marubuta gajerun waƙoƙi masu daɗin rerawa, su sayar wa wasu mawaƙa su rera. Gabriel mashayin waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka ne, musamman Otis Redding. Shi da Banks kuma waƙoƙin cocin makarantar sun zauna musu a kai. Wani tsohon ɗalibin makarantar, Jonathan King, wanda ya riga ya yi suna a harkar, shi ya raɗa musu sunan, ya kai su kamfanin Decca. Waƙarsu ta farko, "The Silent Sun", sun tsara ta ne da gangan a salon Bee Gees domin sun san King yana son su. Faifansu na farko, From Genesis to Revelation, ya fito a 1969 cikin baƙin kwali mai ɗauke da suna kawai, masu shaguna da yawa suka jera shi cikin faya-fayan addini. Kwafi 'yan ɗaruruwa ya sayar. Wato gajeriyar waƙa ita ce uwar ɗakinsu ta fari, kuma ta juya musu baya.

A daidai wannan lokaci wani sabon salo yana tasowa a Ingila. Samari masu ilimin kiɗa sun gaji da waƙar minti 3 mai baiti da amshi da baiti. Suka fara ɗebo tsarin kiɗan gargajiyar Turai mai dogon zango, suna haɗawa da jaz da rok, suna gina waƙa kashi-kashi kamar labari. 'Yan jarida suka sa masa suna progressive rock, masu shi kuma suna taƙaitawa su ce prog. A watan Oktoban 1969 King Crimson suka fitar da In the Court of the Crimson King, faifan da ya girgiza duk wani mai sha'awar salon. A lokacin 'yan Genesis sun killace kansu a wani ɗan gida a ƙauye kusa da Dorking, suna atisaye tun safe har dare, suna sauraron wannan faifai suna sakewa. Da suka fito daga wannan halwa, ba su ne samarin da suka shiga ba. Tony Stratton-Smith, mai kamfanin Charisma, ya gan su suna wasa a Landan ya ɗauke su, suka fitar da Trespass a 1970.

Sai rashi na farko ya zo, kuma su da kansu sun sha faɗin cewa shi ne ya fi jijjiga su. Anthony Phillips, wanda shi da Rutherford suka ƙirƙiro sautin jita mai tsirkiya 12 da ya zama tambarin ƙungiyar, ya kasa jure fargabar tsayawa gaban jama'a, ga rashin lafiya, ya ajiye. Suka yanke shawarar su sauya mai ganga ma gaba ɗaya. Talla suka buga a jaridar Melody Maker, aka shirya gwaji a gidan iyayen Gabriel. Collins, ɗan Landan mai shekara 19, wanda ya yi wasan kwaikwayo tun yana yaro, ya iso da wuri, aka ce ya ɗan shiga kwamin iyo na gidan kafin layi ya zo kansa. Yana cikin ruwa yana jin abin da ake sa waɗanda suka riga shi su kaɗa. Kafin a kira shi ya haddace. Bayan 'yan watanni Steve Hackett ya shigo da jitarsa. Waɗannan biyun ba 'yan makarantar masu hali ba ne, kuma Collins ya zo da abin da gidan ya rasa: raha, da sassauci, da bugun da ke sa kiɗa mai nauyi ya yi rawa.

Mutum biyar ɗin nan su ne waɗanda tsofaffin masoya ke rantsuwa da su, kuma ban ga laifinsu ba. Tsakanin 1971 da 1974 sun fitar da Nursery Cryme, da Foxtrot, da Selling England by the Pound, da The Lamb Lies Down on Broadway. A gida Ingila da farko ba a kula su sosai ba. Italiya da Beljiyam ne suka fara rungumarsu.

Wanda bai taɓa jin kiɗan wannan zamani ba, ya fara da buɗewar "Watcher of the Skies". Kusan minti 2 babu murya, babu ganga, sai wani amo mai kauri kamar taron masu goge da masu ƙaho suna tahowa daga nesa. Ba taro ba ne, na'ura ɗaya ce mai suna Mellotron, wadda Banks ya saya a hannun King Crimson. A ido kamar fiyano take, amma a ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren tef da aka naɗi sautin goge ko ƙaho na gaske a kansa. Ka danna, zaren ya gudu ya yi kuka na kamar daƙiƙa 8, sai ya ƙare, wani ƙarfe mai tsalle ya mayar da shi farko. Saboda haka mai kaɗa ta ba ya iya riƙe amo ɗaya ya daɗe. Dole yatsunsa su riƙa rarrafe daga wannan maɓalli zuwa wancan. Nauyi gare ta kamar me, kuma da wutar lantarki ta ɗan yi ƙasa sai muryarta ta karkace. Wannan rawar murya da ƙarancin numfashi su ne suka ba ta wani irin kaɗaici da na'urorin yau masu tsafta ba su da shi.

Sai "Supper's Ready", wadda ta cinye kusan gefe guda na faifan Foxtrot a 1972, minti 23 cikin kashi 7. Tana farawa da jita uku masu tsirkiya 12 suna saƙa a hankali, mutum biyu masoya suna zaune a ɗaki da dare. Daga nan labari ya bi ta yaƙi, da annabin ƙarya, da wani wasan barkwanci, har ya dire a kan siffofin tashin duniya na littafin Kirista. A kusa da ƙarshe akwai wani kashi da ake ƙirga bugunsa tara-tara maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba. Rutherford da Collins suna riƙe da wannan tara kamar masu daka, ba sa gocewa, shi kuwa Banks yana yawo a kai da ogansa na lantarki da tasa ƙidayar daban, su rabu, su haɗu, su sake rabuwa, har ƙirjin mai sauraro ya cika kafin murya ta faso. Wanda yake riƙe da wannan gini kada ya rushe, shi ne mai gangar da aka ce wai bai san kiɗa mai zurfi ba.

Shigar burtu da Gabriel ya yi suna da ita ma larura ce ta haife ta. Ɗaure tsirkiya 12 a jita uku tsakanin waƙa da waƙa yana cin lokaci, zaure ya yi tsit, sai ya fara ba da wasu labarai masu ban al'ajabi don cike gurbin. Lasifikokin lokacin kuma ba sa fitar da kalmomi sosai, ya ga gara ya nuna labarin da jiki. A watan Satumban 1972, a birnin Dublin, ana tsakiyar "The Musical Box" ya ɓace, ya dawo sanye da jar rigar matarsa da kan yanyawa. Bai gaya wa abokansa ba, don ya san da an kawo maganar gaban shawara da Banks ya hana. Hoton ya hau shafin farko na Melody Maker, kuɗin gayyatarsu ya tashi. Amma daga ranar 'yan jarida suka fara ɗaukar Genesis a matsayin Gabriel da yaransa, alhali yawancin kiɗan Banks da Rutherford ne suke tsara shi, tare da Hackett da Collins. A nan ne tsatson kuskuren da ake yi har yau yake. Wanda ya ɗauka mai kan yanyawa shi ne ƙungiyar, dole ya ɗauka ta mutu da tafiyarsa.

Tafiyar kuwa ba faɗa ne ya kawo ta ba, gajiya ce da sauyin rayuwa. A kan The Lamb, faifai biyu masu ba da labarin Rael, wani matashi ɗan asalin Puerto Rico a birnin New York, Gabriel ya dage shi kaɗai zai rubuta kalmomin, abin da ya saɓa wa al'adarsu ta yin komai tare. Ana cikin aikin matarsa ta haihu da ƙyar, jaririyar tana tsakanin rai da mutuwa, yana zirga-zirga tsakanin asibiti da wurin aiki, abokansa kuma, waɗanda ba su san haihuwa ba tukuna, ba su fahimce shi yadda ya kamata ba. Sun amsa hakan daga baya. Ga kuma William Friedkin, daraktan fim ɗin The Exorcist, yana zawarcinsa ya zo su yi rubutun fim. Suka yi rangadi na wasa fiye da 100 da wannan faifai, har da wata shiga mai ƙulle-ƙulle da ta hana makirufo isa bakinsa. A watan Mayun 1975 ya yi wasansa na ƙarshe da su a Faransa. Jaridu suka fara rubuta ta'aziyya.

Ɗaruruwan mutane ne suka nemi gurbin. Collins ne yake koya wa waɗanda aka tace waƙoƙin, ya rera musu su maimaita, kuma kowace rana sai a ga mai koyarwar ya fi ɗaliban. Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne: idan uban waƙa ya kau, ba daga kasuwa ake ɗauko magajinsa ba, cikin 'yan amshi ake dubawa, wanda ya shekara yana karɓa har muryarsa ta saje da ta maigida. Collins ya yi wa Gabriel amshi shekara 5, har akwai wuraren da mutane ke ɗauka murya ɗaya ce alhali biyu ce, kuma ya riga ya ja baki a "For Absent Friends" da "More Fool Me". Duk da haka bai so ba. Shi a bayan ganguna yake jin daɗinsa. Sai da aka rasa mai iya ɗaukar "Squonk" ya ce bari ya gwada, ya shiga ya rera, sauran suka kalli juna.

To, ga tambayar da nake so masu zarginsa su amsa. Idan shi ne maƙiyin dogon kiɗa, me ya sa faya-fayai biyu na farko da ya ja, A Trick of the Tail da Wind & Wuthering, duka a 1976, suke cikin mafi zurfin abin da ƙungiyar ta taɓa yi? "Dance on a Volcano" bugu bakwai-bakwai take tafiya. "Los Endos" kusan babu waƙa a cikinta sai kiɗa mai gudu irin na jaz. "One for the Vine" ta Banks kusan minti 10 ce. A daidai wannan lokaci Collins yana kaɗa wa wata ƙungiya, Brand X, kiɗan jaz mai sarƙaƙiya wanda ko rediyo ba ya ɗauka. Da aka tashi neman wanda zai riƙe masa ganga a dandamali, Bill Bruford na Yes da King Crimson ya kawo, daga baya kuma Chester Thompson, baƙar fatar Amurka da ya yi aiki da Frank Zappa da Weather Report. Da waƙa ta kai inda murya ke hutawa, sai ka ga Collins ya bar makirufo a guje ya haye nasa gangunan, su biyu su yi ta musayar bugu. Mai neman kuɗin sauƙi ba ya ɗora wa kansa wannan wahala.

Rashin da ya sauya sautin Genesis da gaske shi ne na Hackett a 1977. Ya riga ya fitar da faifan kansa, ya ɗanɗana 'yanci, kuma yana ganin waƙoƙinsa ba sa samun gurbin da ya dace a cikin na ƙungiya. Shi ne mai jitar nan mai kuka a "Firth of Fifth", wadda take jan amo ɗaya ta daɗe kamar ana zare zuciya. Da ya tafi ba su ɗauki kowa ba. Rutherford ya haɗa jita da bes, shi kuwa gwanin kari ne da gajerun jimloli, ba mai dogon kuka ba. Suka rage su uku, suka sa wa faifan 1978 suna da ke faɗin hakan. A ƙarshensa akwai "Follow You Follow Me", gajeriyar waƙar soyayya, ta farko da ta shiga goman farko a Ingila. Wannan ita ce waƙar da ake nunawa a ce ga inda ɓarna ta fara. Daga jitar Rutherford ta tsiro, kuma shi ya rubuta kalmominta. Su da kansu sun ce daga ita ne suka fara ganin mata da yawa a wurin wasansu, bayan shekaru suna yi wa zauren da ya cika da samari masu dogon gashi kiɗa. Na kasa gane yadda wannan zai zama abin kunya.

Kada a manta da zamanin ma. A 1976 da 1977 guguwar punk ta taso a Ingila, matasa marasa aikin yi suna cewa sun gaji da attajiran makaɗa masu waƙar minti 20 a kan aljanu da sarakunan da. Duk manyan salon sai da suka ji a jikinsu. Emerson, Lake & Palmer suka watse kafin 1980. Yes suka sake fata, har suka hau matsayi na ɗaya a Amurka a farkon 1984 da "Owner of a Lonely Heart". Babu Phil Collins a cikin ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da Collins ya kawo, da ya fara rubutu sosai, shi ne magana kai tsaye. Aurensa na farko ya mutu a ƙarshen shekarun 1970, ya bi iyalinsa har Vancouver ta Kanada don ya gyara, bai yi nasara ba, ya dawo gidan da ba kowa, ya zauna da fiyano da ɗan injin ganga yana zubar da abin da ke cikinsa. Daga nan "In the Air Tonight" ta fito, da "Misunderstanding" da ƙungiyar ta ɗauka. Kafin wannan, waƙoƙin Genesis sun fi karkata ga tatsuniya da tarihin Girka da barkwancin Ingilishi. Mutum yakan ji daɗinsu amma da wuya su taɓa masa gyambo. A ganina wannan ƙari ne suka samu.

Kuma gwanintar ba ta tafi ko'ina ba, ɓuya ta yi. Duke na 1980, faifansu na farko da ya hau matsayi na ɗaya a Ingila, yana ɗauke da wata doguwar waƙa ta kusan rabin awa da suka yanyanka gida 6 suka warwatsa cikin faifan, don kada a ce suna maimaita "Supper's Ready". A dandamali kuwa a haɗe suke kaɗa ta. Ɗaya daga cikin yankunan ita ce "Turn It On Again", wadda rediyo ya ɗauka kamar kowace waƙar rawa. Gwada tafa mata. Za ka yi daidai sau biyu ko uku, sai ka ji hannunka ya sauka a inda babu bugu, domin 13 take ƙirgawa. Sanya dubban mutane su yi tsalle a kan ƙidaya 13 ba tare da sun san an yi musu dabara ba, ni a wurina ya fi wuya a kan tsara waƙar da kowa ya ji ya san mai wuya ce. Haka suka ci gaba: kowane faifai yana da doguwarsa. "Home by the Sea" da kashinta na biyu a 1983, "Domino" a 1986, sai "Driving the Last Spike" a 1991, minti 10 a kan leburorin da suka shimfiɗa layin dogon Ingila a ƙarni na 19, waɗanda da yawansu suka mutu a cikin ramuka. Collins ne ya rubuta kalmomin wannan.

Hatta sautin gangar nan mai faɗowa kamar an rufe ƙofar ƙarfe, wanda ya mamaye waƙoƙin shekarun 1980 a duniya, a wurin aikin Gabriel aka gano shi. Yana naɗar faifansa na uku a sutudiyon Townhouse a Landan, ya gayyaci Collins ya kaɗa masa, da sharaɗin kada ya taɓa farantan ƙarfe ko ɗaya. A ɗakin akwai wani makirufo da aka rataye don makaɗi ya riƙa magana da injiniya, an haɗa shi da na'urar da ke matse sauti ta ɗaga ƙaramin amo ya yi ƙato. Collins yana bugu, injiniya Hugh Padgham ya buɗe wannan makirufo, sai ganga ta fito da wata irin ƙara mai cika ɗaki. Suka ƙara wata na'ura mai datse jelar amon farat ɗaya. Aka gina waƙar "Intruder" a kai. A wannan faifai na 1980 ne kuma Gabriel ya yi "Biko", don tunawa da Steve Biko da ya mutu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu a 1977.

Mutanen da ake cewa ɗaya ya ci amanar gadon ɗaya, ga yadda suke. A 1982 Gabriel ya kafa bikin WOMAD don kawo makaɗan Afirka da Asiya gaban Turawa, har da makaɗan tambura na Burundi. Bikin ya yi kyau, amma ya bar shi cikin bashin da ya kusa halaka shi. Tsofaffin abokansa suka ce ya zo su yi wasa ɗaya tare a biya. Ranar 2 ga Oktoban 1982, a Milton Keynes, cikin ruwan sama da taɓo, aka shigo da Gabriel dandamali cikin akwatin gawa, Collins ya koma bayan gangunansa, Hackett ya iso a ƙarshe. Kuɗin ya ceci WOMAD, bikin da har yau yake raye, wanda mawaƙan Afirka da dama suka bi ta kansa zuwa kunnen duniya. Shi kansa Gabriel ɗin, da ya tashi, ina ya nufa? Gajerun waƙoƙi masu amon soul, irin waɗanda yake so tun yana makaranta. A faifansa So na 1986 ya sa Youssou N'Dour na Senegal a "In Your Eyes". A watan Yulin wannan shekara "Invisible Touch" ta Genesis ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, mako guda bayan haka "Sledgehammer" ta Gabriel ta sauke ta ta hau. Hanya ɗaya suka bi, suka isa wuri ɗaya a wata ɗaya. Amma shi ana kiransa mai hangen nesa, su kuma ana cewa sun sayar da kai.

Ba ina cewa duk abin da suka yi a wannan zango zinariya ba ne. "Who Dunnit?" ta faifan Abacab ba ta cancanci wurinta ba, kuma masu sauraro a Leiden ta ƙasar Holan sun yi musu ihu a 1981 kan sababbin waƙoƙin. "Illegal Alien" ta 1983, inda Collins yake kwaikwayon harshen 'yan Meziko masu neman shiga Amurka, abin takaici ce; wahalar baƙin haure ba abin wasa ba ce, kuma da an bar ta a aljihu da ya fi. Gangunan lantarkin da suka cika faifan Invisible Touch sun tsufa fiye da Mellotron ɗin 1972. Kuma akwai wani fili, wata iska mai sanyi da jitar Hackett da sarewar Gabriel suke kawowa, da ba ta sake dawowa ba. Wanda ya yi kewar wannan yana da gaskiyarsa. Na kuma fahimci abin da ya ƙosar da mutane da Collins: a tsakiyar shekarun 1980 ko'ina ka juya shi ne, nasa faifan, na ƙungiya, na waɗanda yake tsara wa, har ranar Live Aid ta 1985, da aka yi don yunwar Habasha, ya yi wasa a Landan ya hau jirgin Concorde ya sake yi a Philadelphia. Yawan gani yana kawo raini. Sai dai gajiya da fuskar mutum daban, hukunci a kan kiɗansa daban.

Yadda suke aiki ma ya rushe zancen cewa mutum ɗaya ne yake juya su. Tun da suka mallaki sutudiyonsu, The Farm, a Surrey a farkon shekarun 1980, sai suka daina zuwa da waƙa a rubuce daga gida. Su uku za su shiga ɗaki hannu rabbana, a kunna injin ganga, Banks ya dafa amo, Rutherford ya jefa kari, Collins ya riƙa rera duk abin da ya zo bakinsa, tef yana naɗa. Daga baya a zauna a tsince abin da ya yi rai. Shi ya sa daga 1983 kowace waƙa sunan mutum uku take ɗauka. Duk wanda ya san halin Tony Banks, mutumin da tun suna yara ba a iya tanƙwara shi a kan amo ɗaya da bai gamsu da shi ba, ya san babu mai jan sa inda ba ya so.

An ma yi gwajin a zahiri. A 1996 Collins ya bar ƙungiyar. Da shi ne ya danne su, ai wannan ce damar Banks da Rutherford su koma waƙar minti 23. Ba su koma ba. Suka ɗauki wani matashi ɗan Scotland, Ray Wilson, suka fitar da Calling All Stations a 1997, mai duhu, mai nauyin tafiya, da waƙoƙi matsakaita. Wilson yana da murya, amma an rasa wannan bugu mai sa nauyi ya yi rawa, an kuma rasa mai cewa a yanke nan, ya isa. A Turai faifan ya ɗan taɓuka. A Amurka tikiti ya ƙi sayuwa har aka soke rangadin, bayan zagayen Turai na 1998 kuma suka rufe shago.

Sun sake haɗuwa su uku a 2007, inda suka rufe zagayen Turai da wasan kyauta a birnin Rum gaban mutum kusan 500,000. A wannan rangadi ne Collins ya samu lahani a ƙashin wuya wanda ya taɓa jijiyoyin hannunsa, har riƙe sanda ya gagare shi. A zagayensu na ƙarshe, wanda ya ƙare a zauren O2 na Landan ranar 26 ga Maris 2022, a kan kujera ya yi waƙa, ɗansa Nic yana kan ganguna, kuma a jerin abin da suka kaɗa akwai yankunan "The Cinema Show" da "Firth of Fifth" na 1973 kafaɗa da kafaɗa da "Invisible Touch". Wanda kuma yake son tsohon salon tsantsa, ba a gauraya ba, Steve Hackett yana yawon duniya da shi shekara da shekaru da tasa ƙungiyar, yana kaɗa Foxtrot da Selling England by the Pound daga farko har ƙarshe, kuma zaurukan suna cika.